Yadda Na Zube Awakin Unguwa Biyu a Ƙwarya Ɗaya

Ni dai a lakol, wato makarantar boko, ban yi nisa ba, ɗan zaman da na yi ma gudu ya fi yawa. Amma Allah ya hore mini baki da karambani, shi ya sa da matan unguwarmu a Gangara suka kafa ƙungiyar habbanaye, ni suka ɗora a kan tsarin awakinsu. Ga wanda bai sani ba, akuya ake bai wa mace aro, in ta haihu ta yaye, 'ya'yan su zama nata, uwar ta wuce gida na gaba. Aikina kawai in san gidan da ke bi. Ina yawo da salula a aljihun gaba, ana ce mini sakatare, alhali sunana ma sai na yi gumi nake rubuta shi.

Ɗiyata ta fari ce ta yi karatun ordinata, wato na'ura mai ƙwaƙwalwa, a Maradi, ita ta rubuta mana tsarin da ke cikin salular. Da matan wata tunga ta hanyar Gazawa suka ce za su haɗe da mu, na kira ta. Ta ce abin kamar ƙwarya cikin ƙwarya yake: unguwa na ɗauke da gidaje, gida na ɗauke da awaki, kowane gida da lambarsa, kuma lambar ce ke riƙe masa layi. Ta ce akwai haɗin gaggawa da ta bari a ciki don gwaji, amma shi watsar da lambobi yake yi ya sake ƙirga daga farko, inda suna ya zo ɗaya kuwa na baya ya hau kan na gaba ya shafe shi. Tana rubuta wani da zai sauka hawa-hawa ya bar wa kowa lambarsa, in yi haƙuri ta zo. Na ce mata to uwata, ina tauna goro, rabin maganar ma ban ji ba.

Ranar kasuwa matan suka taru suna tambayar yaushe za a haɗa tsarin. Wata tsohuwa, abokiyar wasata, ta ce ai sakataren nasu ko tari sai ɗiyarsa ta ba shi izini. Aka yi dariya. Na zaro salula na dangwala yatsa daidai inda aka hana ni. Abin ya haɗu tsaf, na karanto gidan da ke bi da murya irin ta mai shela, aka ja akuya zuwa tunga. Wata baiwar Allah mai riƙon jikanta da uwarsa ta rasu ta matso, ta ce a hankali ita tana zaton layinta ne. Na ce mata na'ura ba ta ƙarya.

Layinta ne kuwa. Da ɗiyata ta zo ta duba, sai ta tambaye ni ko na tuna abin da ta ce. Lambar matar ta koma kan wani gida, wasu gidajen masu suna ɗaya ma sun ɓace ɗungum. Da ƙafa na bi unguwa biyun nan gida-gida, ina tambayar kowace mace wa ya miƙo mata akuya, gwiwoyina na ƙara, yara na gaishe da sakatare. Tsarin ya gyaru, amma akuyar ta riga ta ɗauki ciki a tunga, kuma a wurinmu ba a fitar da akuyar habbanaye da ciki. Sai ta haihu ta yaye. Haka yaron nan ya ci damina da kunu tsura, babu nonon akuya. Nakan kai musu nono in na samu wurin makiyaya, ta karɓa da hannu biyu ta yi mini godiya, in fito ina jin da ma zagina ta yi.

Na gaji da tuna abin, shi ya sa na sa aka rubuta muku. Na gane haɗa jama'a ba kamar zuba gero a buhu ba ne, kowa da gurbinsa, kuma mai ƙaramar murya ne ke fara rasa nasa. 'Yan'uwana tsofaffi masu salula, in wanda ya ɗinka abin ya ce ku jira, ku jira, ko ɗan cikinku ne. Dariyar kasuwa kafin la'asar ta wuce. Yaron nan kuwa har yau in ya bi ta ƙofar gidana, siraran ƙafafunsa nake kallo.