Ranar da Orrin ya ƙi rufewa

Mutanen garinmu da jakar wasiƙu suka san Orrin Stoltz. Shekara talatin da takwas yana bin ƙofa-ƙofa, a rana da cikin dusar ƙanƙarar jihar Wiskonsin, har sunan karen kowane gida ya haddace. Mu kuwa 'yan Asabar, wani Orrin ɗin muka sani, na ɗakin ƙarƙashin ƙasa.

Tun yana saurayi babu abin da yake so kamar tuƙa jirgin ƙasa. Da ya je neman aikin, likitan kamfani ya kunna masa fitila biyu, ja da kore, ya ce ya bambanta su. Orrin ya duba, ya sake dubawa, ya ce, "Likita, ai duk iri ɗaya ne." Maganar ke nan ta ƙare. Ya dawo gida ya ɗauki jakar wasiƙu, ya auri Marlys, ya sauka ƙarƙashin gidansu ya fara shimfiɗa nasa layin dogon, na 'yan ƙananan jirage masu tafiya da lantarki, tarago ɗaya bai wuce tsawon tafin hannu ba. A gindin kowace fitilar layin ya manna 'yar takarda, wannan "tsaya", waccan "wuce". Yakan ce a nasa kamfanin babu likita.

Kada ku zaci zagaye kawai jiragen ke yi, in kuka faɗi haka a gabansa ba za ku sha kofin gidan ba. Taragai ɗari uku da arba'in, kowanne da aikinsa. Wannan ya ɗauko hatsi daga rumbu ya kai injin niƙa, wancan ya kai katako masana'antar kujeru, ya dawo wayam. Duk Asabar da rana mukan haɗu mu shida ko bakwai, ban da lokacin zafi da maza ke gudu kamun kifi. Kowa a miƙa masa takarda mai sunansa, da jirginsa, da taragan da zai ɗauka da waɗanda zai ajiye. Asabar ɗaya ita ce rana ɗaya a layin. Ni Verna, maƙwabciyarsu ce, kek na fara kai musu, aka ce in riƙe wa wani jirgi minti biyar, ban sake fita ba.

Doka ɗaya ce a ɗakin: hannu ba ya taɓa tarago. In ka ajiye shi a layin da ba nasa ba, sai ka koma da kan jirgi ka janyo shi, ko da zai ci maka rabin awa. Gus Havlik, tsohon mahauci mai hannu kamar faranti, shi ne ɓarawon ɗakin. Da Orrin ya juya baya sai ya miƙa yatsa biyu.

"Gus! Na ji ka."

"Ji kuma? Kai da ba ka ganin ja da kore, yanzu har ƙeya ta yi maka ido?"

"Ka taɓa ganin mahauci ya ɗaga taragon hatsi da hannu? Mayar da shi, ka zo da jirgi kamar mutumin kirki."

Da farko da 'yan katuna Orrin ke tsara tafiyar taragan, yana baza su a teburin cin abinci. Ranar da Marlys ta tsinci kati a cikin man shanu ta ce ya isa. A kamfanin inshora take aiki, a ɓangaren kwamfuta, tun lokacin da mutane ke tsoron taɓa ta. A shekarar 1991 ta zauna wata uku ta rubuta masa manhaja da hannunta. Manhajar ta san inda kowane tarago ya kwana, ita ke zaɓa masa inda zai je gobe, ita ke buga takardunmu. In an tashi sai ta yi tambaya ɗaya da fararen haruffa a baƙin allo: A RUFE RANAR? Orrin ya danna, ta ajiye komai a ƙwaƙwalwarta, ta wuce rana ta gaba. Marlys ta sa sunanta a jerin ma'aikata, ta ba kanta jirgin madara na safe. Ta ce tunda ita ta gina ofis, ba wanda zai bar ta da wanke kofuna.

Ciwon da ya ɗauke ta bai yi wata biyu ba. Bayan jana'iza Orrin ya roƙe ni in cire sunanta daga jerin, ya hau sama har na gama. Bayan shekara biyu Gus ma ya rasu, na cire nasa. Muka ci gaba, a kan tsohuwar kwamfutar nan mai launin haƙorin tsoho, har rana ta ɗari bakwai da tamanin da ɗaya.

Ranar nan Orrin ya kunna ta, muka ji ƙauri, allon ya yi baƙi. Shekararsa tamanin da ɗaya a lokacin. Ba tare da manhajar ba, babu wanda ya san inda tarago ɗaya zai nufa. Asabar uku ba a taru ba. Na shiga gidan na tarar bai yi aski ba, abincin da na kai shekaranjiya yana nan a rufe. 'Yarsa Corinne ta fara bugo waya daga birnin Milwaukee tana maganar gidan kula da tsofaffi. Duk mun gane: Asabar ce ke riƙe da shi a gidan, in ta tafi, shi ma ya tafi.

Sai muka tasa Lyle Brandvold a gaba. Tsohon likitan haƙori ne, cikinmu shi kaɗai ke son cusa hannu a cikin na'ura. Ya buɗe tsohuwar kwamfutar, ya leƙa kamar yana duba bakin mutum, ya girgiza kai.

"Wannan ta riga mu gidan gaskiya. Orrin, ina kwafin da kake ajiyewa?"

"Wane kwafi?"

"Na manhajar mana. Na inda taragan suke."

Orrin ya ce, "Marlys ce ke yin wannan."

Ya hau sama ya sauko da kwalin takalmi cike da 'yan faifan nan masu kusurwa huɗu na da, kowanne da rubutun hannunta. Duk Asabar, bayan mun watse, takan sa faifai ta kwafe komai. Shekara shida ba wanda ya yi, domin ba wanda ya taɓa lura ana yi. Faifai na ƙarshe an rubuta masa: Rana ta 611.

Lyle ya sha wahala, gaskiya. Sai da ya yi odar 'yar na'urar da ke karanta irin faifan. Sabuwar kwamfutarsa ta cinya ta ƙi buɗe manhajar, ta ce ba ta san irinta ba. Ya nemo wata manhajar da ke gina wa tsohuwar ɗan ɗaki a cikin sabuwar kwamfuta, ta yaudare ta har ta ɗauka tana gidanta na 1991. Ta tashi, amma da gudun da ido ba ya iya bi, sai da ya rage mata ƙarfi. Sannan ta kafe sai an kawo mata tsohon injin buga takarda mai ƙara, ba ta san wani ba. Sati biyu yana zagin ta. "Marlys," in ji shi, "ko a kabari ba ki daina gardama ba."

Ranar da ta yarda, mu uku ne a ɗakin. Takardu suka fito ɗaya bayan ɗaya, Lyle yana tafi. Na ɗauki ta farko. Rana ta 611. Jirgin madara na safe. Marlys Stoltz. Ta ƙarƙashinta, Gus Havlik.

Lyle ya yi gyaran murya. "Wannan ba matsala ba ce, Orrin. Ita dai tana zaton taragan suna inda suke shekara shida da suka wuce. Ni da Verna mu zagaya da biro mu rubuta inda kowanne yake yanzu, in shigar mata. Kwana biyu. Sunayen kuma..."

"Kada ka taɓa mata komai."

"To ya za a yi? Ta ce taragon hatsi yana injin niƙa, ga shi can a tashar katako."

"Ita ke da gaskiya. Layin ne ya yi kuskure." Ya karɓi takardar daga hannuna ya ninke ta ya sa a aljihun gaba. "Taragan za su koma."

"To mu kwashe su da hannu, yini ɗaya mun gama."

Orrin ya dube shi irin duban da yake yi wa Gus.

Sati bakwai ya yi yana mayar da su, shi kaɗai, da kan jirgi, tarago bayan tarago, a kan gwiwoyin da jakar wasiƙu ta riga ta cinye. Kuma ba zan ɓoye muku ba, na yi murna a lokacin. Ya koma aski, yana cinye abincin da na kai, yana fito. Na buga wa Corinne na ce ta kwantar da hankalinta, babanta ya dawo.

Asabar ɗin da aka koma, kowa ya zo, har da cuku da biskit kamar biki. Lyle ya karɓi jirgin Gus, ya ce don girmama mamaci zai ɗan yi sata da yatsa, aka yi dariya. Orrin ya tuƙa jirgin madara da kansa, a hankali, yana tsayawa a kowace tasha fiye da yadda ya kamata. Da aka tashi, tambayar ta fito a allo. Muka tsaya da kofuna muna jiran ya danna. Ya ɗora yatsa, ya ɗauke.

"Bari tukuna," in ji shi. Ya rufe murfin kwamfutar.

Asabar ta gaba muka tarar ya mayar da duk taragan da muka motsa. Takardu suka fito: Rana ta 611. Muka dubi juna, muka yi aikin. Ta gaba ma haka. Daɗin abin nan namu shi ne ba ka san me takarda za ta ce ba, yanzu kuwa har da ido rufe zan iya kai taragon katakona. A Asabar ta huɗu mutum biyu suka ce jikokinsu sun zo. A ta biyar Lyle ya kasa haƙuri.

"Tsoho, sati biyu na yi ina fama da abin nan don mu ci gaba, ba don mu yi ta niƙa gari ɗaya ba. Danna mana. Ba abin da zai ɓata, sunanta ma yana nan a ta gaba."

"Na sani."

"To mene ne?"

Orrin yana goge kan jirgin madara da ɗan ƙyalle, bai ɗago ba. "Na riga na yi ɗari shida da sha biyu sau ɗaya, Lyle. Tana asibiti, ta ce in je in buɗe muku, kada a fasa saboda ita. Na zo, na tuƙa jirgi, na ci kek. Da na koma ba ta ƙara gane ni ba." Ya ajiye ƙyallen. "Ba na son ranar nan."

Babu wanda ya ƙara cewa ya danna. Amma kuma mutane ba su dawo ba, ɗaya bayan ɗaya, kowa da uzurinsa mai kyau. Ban ga laifinsu ba. Kafin ƙanƙara ta narke saura ni da shi. Ni in tuƙa jirage uku, shi jirgin madara, sannan ya kwashe sauran kwanakin satin yana mayar da abin da muka motsa, yana hawa da sauka. Ran wata Laraba gwiwar ta ƙi shi a kan matakala, ya faɗi. Mai kawo wasiƙa ne ya ji kiransa.

Corinne ta zo da mota. "Baba, wannan karon ba tambayarka nake yi ba," in ji ta, tana kuka tana ninke rigunansa. Bai yi gardama ba. Ya ce kawai in sauka in duba masa taragai nawa suka rage bai mayar ba. Na ƙirga, goma sha tara. Ya ce, "Da an ba ni kwana biyu." Na ce zan mayar da su, da jirgi, ba da hannu ba. Na kuwa yi, kafin masu sayen gidan su zo da zarto su yanka layin gunduwa-gunduwa. Sau goma sha ɗaya muka yi rana ta 611. Orrin ya rasu da kaka, a Milwaukee, takardar nan tana aljihunsa.

Kwamfutar tana wurina, Lyle ya ce ba ya son ganinta. Wani lokaci nakan buɗe ta, tambayar tana nan da fararen haruffanta, in duba in rufe. Kwanaki na haɗu da Lyle a kanti yana zaɓen tuffa. Muka gaisa, muka yi maganar sanyi. Har ya tura keken sayayyarsa ya wuce, sai ya juyo.

"Verna, kin dai yi kwafi?"

Na ce na yi guda uku, duk suna cikin kwalin takalmin.