Ba Ajimi Mai Zuma da Gonar Kankana

Ba Ajimi mutumin Konduga ne. Shekara talatin yana ɗaura amya a wani kurmi bayan gari, inda tsamiya da aduwa da magarya suka yi duhu. Idan aduwa ta yi fure, ƙugin ƙudan zuma ba ya barin a ji sallama.

Da rikici ya tsananta a 2014, ya gudo Maiduguri da matarsa Yagana, suka raɓa a gidan ƙaninta a Moduganari. Sai bayan shekara uku ya samu komawa dubawa. Ya tarar babu kurmi, sai kututture da baƙar ƙasa. Madu, ɗan maƙwabcinsa, ya kawo masu gatari sun mai da itatuwan gawayi, har amyoyin sun shiga wuta. Yanzu yana gyaran filin zai shuka kankana.

Ba Ajimi ya zauna a kan kututture har la'asar. Bai ga zanzaro ba, bai ga malam-buɗe-littafi ba, ko buzuzu ɗaya bai gifta ba. Ƙuda ne kawai da fara.

Madu ya hango shi, ya ƙaraso yana dariya. "Baba, ai daji ba shi da mai shi."

Tsohon ya san abin da Madu bai sani ba: kankana ba ta yin 'ya'ya sai ƙwaro ya taka furenta. Ya kuma san ƙudan zuman da suka rage a yankin, gida biyu ne, cikin kogon wata kuka. Washegari da hantsi ya yi musu hayaƙi, ya kwashe su a tukwane, ya kai su lambun abokinsa Dzarma, can kusa da Alau.

Kankanar Madu ta yi yaɗo, ta yi fure, furen ya zube. Ɗan abin da ya fito ƙanana ne, a karkace. Ya ƙara taki, ya yi feshi, feshin ya ƙarasa sauran ƙwarin. Da shekara ta zagayo ma haka.

Da Madu ya gane rashin ƙudan zuma ne, ran nan sai ga shi a Moduganari, ya cire takalmi ya tsuguna.

"Baba, ka yafe mini. Amya ɗaya kawai ka kai gonar."

"A wace bishiya zan ɗaura ta?"

Madu ya sunkuyar da kai.

Yagana ta ce daga cikin ɗaki, "Malam, ka duba Allah. Yana da iyali."

"Su ma ƙudan zuman gidansu ne ya ƙona," in ji Ba Ajimi. Ya juya ya ci gaba da tace zumarsa.

Madu ya saki gonar, ya koma lodin dabbobi a Kasuwar Shanu. Ba Ajimi ba shi da ko akuya, amma duk mako sai ya hau Keke mai ƙafa uku ya je can, ya tsaya a inuwa yana kallonsa yana turin shanu cikin rana.