Dalmar da ta raba kwana da zumunci

Akwai wani a layinmu na masu gyaran waya a Gaya da ke sanya farar riga irin ta likitoci, yana kiran kansa injiniya. Ban taɓa kiransa haka ba. Hannunsa ya fi dacewa da faskare.

Ni a makarantar allon mahaifina na koyi riƙe hannu, wajen sa wasali da jan tawada. In ka ɗiga inda bai dace ba, kunnenka zai gaya maka. Shi ya sa da na fara liƙa aisi, ɗan baƙin abin nan mai ƙafafu siraran kamar gashi, ban sha wuya ba. Ka ɗauke numfashi, ka taɓa ƙafa ɗaya da tsinin ƙarfe, ka janye.

Wata ranar kasuwa wani dattijo daga Kademi ya zo min da fanel, ɗan faifan lantarkin da ke cikin injin ban ruwansa na sola, a naɗe cikin hula. Kwana uku albasarsa ba ta sha ruwa ba.

"Malam, na kai wa mai farar riga," in ji shi. "Ya canza abin, ya ƙi tashi. Ya ce ba lalacewa ba ce, hannu aka sa min."

"Wa ya sa maka hannun, Baba?"

Ya sunkuyar da kai. Ashe ƙaninsa ne ke noma kusa da shi, kuma jiya dattijon ya tare ƙanin a gaban mutane ya ce shi ya yi masa asiri don hassada.

Na sa fanel ɗin ƙarƙashin gilashin ƙara girma. Raina ya ɓaci. Mutumin nan da ƙaton ƙarfen liƙin rediyo ya yi aikin, ya zuba dalma kamar mai yaɓen katanga, ta haɗe ƙafafun aisi uku wuri guda. Da ya kasa, sai ya jingina wa aljanu da 'yan'uwan mutane. Rashin iya rawa dai, a ce ganga ce ba daɗi.

Na zuƙe dalmar da zaren tagulla, na bi ƙafafun ɗaya bayan ɗaya. Amma kafin na taɓa, sai da na ce dattijon ya leƙa.

"Ga asirin naka, Baba."

Ya daɗe yana kallo. "Wannan ɗan ɗigon?"

"Shi kaɗai."

Sai ya yi salati.

Injin ya tashi, albasa ta tsira. Da na je Kademi bayan girbi, na tarar da shingen ƙaya tsakanin gonakin biyu. Dattijon ya ce ya je ban haƙuri sau uku.

"Me ya ce?"

"Ya ce ya yafe. Amma tun ranar bai sake ce min Yaya ba."

Mai farar riga kuwa yana nan. Bana ma ya ƙara allon talla.