Kitson Rediyo

Goggona ta shekara ashirin da biyu tana koyar da yara 'yan shekara uku zuwa biyar, a aji ɗaya mai taga biyu da tabarmar roba. Yara da iyayensu duk Anti Babba suke ce mata. A gida ba mai kama ƙafarta a surutu, ita ce mai kwaikwayon tafiyar kowa har sai an riƙe ciki. Da na dawo daga karatu aka ɗauke ni aiki a makarantar, sai na lura cewa idan an tashi tana miƙa yara a bakin ƙofa, maganarta ba ta wuce "ya ci abincinsa, ya yi barci." Inda na yi karatu darasi guda aka ware mana kan riƙe sirrin iyalai, don haka na tambaye ta ko an taɓa yi musu irinsa.

"Wa zai yi mana?" in ji ta. Muna goge allunan yara ta ba ni labarin.

A shekarunta na farko akwai wata 'yar shekara huɗu da take kira Rediyo, don bakinta ba ya hutawa. Babanta mai gyaran firji ne, shi ke kawo ta a babur. Wata Litinin Goggo ta ga kitson yarinyar a karkace, tsagar ta lanƙwasa sau uku kafin ta kai ƙeya.

"Rediyo, wa ya yi miki wannan aika-aika?"

"Babana. Yana yi yana cije leɓe. Mama tana kwance, ba ta magana da kowa."

Goggo ta yi dariyar rabin maganar na farko, na biyun ya wuce ta gefen kunnenta.

Da aka tashi, bakin ƙofa cike da mata masu jiran 'ya'yansu, sai ga baban Rediyo ya tsaya da babur. Goggo ta ɗaga murya.

"Mai kitso, barka da zuwa! Yaushe za a buɗe shago? Ni ma ina layi, amma don Allah a miƙe mini tsaga."

Aka kwashe da dariya. Wata maƙwabciyarsu ta juyo.

"Au, kai kake yi mata? Ba ka ce uwarta ta je ganin gida ba?"

"Wata biyu fa ke nan," in ji wata.

Ya ɗora 'yarsa, ya buga babur sau uku kafin ya tashi.

Sati guda Rediyo ba ta zo ba. Da shugabar makaranta ta tambaya, Goggo ta ce ƙila zazzaɓi ne, alhali ta san ba shi ba ne. Ran Asabar ta nemi gidan. Ta same shi a ƙofa, tsugune a bayan wani firji da ya kwance. Bai ce ta shiga ba.

A nan ya gaya mata. Tun da jaririnsu ya rasu matar ta daina magana, ko kanta ba ta tajewa. Tana ganin likita, kuma abu ɗaya ta roƙe shi: kada kowa ya sani. Tun daga ranar dariyar, mata huɗu sun zo da sunan gaisuwa. Ɗaya har ta ɗaga labulen ɗaki ba sallama.

"Malama, ni yarinya na kawo muku. Ban kawo muku gidana ba."

Goggo ta durƙusa a kan ƙasar da bakin mai ya jiƙa, ta ba shi haƙuri. Ta ce za ta riƙa yi wa yarinyar kitso da sassafe kafin kowa ya iso.

"Sai su ga ya miƙe su ce wa ya yi kuma?"

"To ta dawo dai, don girman Allah. Ba ita ta yi laifi ba."

"Zan duba," ya ce, ya koma kan wayoyinsa.

Ran Litinin Rediyo ta shigo aji da hular ulu, ga zafi ana yi. Kafin Goggo ta isa wurinta, yarinyar ta cire hular. An aske kan tas.

"Anti, Baba ya ce yanzu ba mai yi mana dariya."

Yaran suka fashe, wani yana ihu, "Ƙwal-kwabo!" Goggo ta mayar mata da hular, ta zaunar da ita a cinyarta. Ranar ba ta iya ja musu waƙar safe ba, malamar ajin gefe ce ta leƙo ta ja.

Rediyo ta yi sauran shekara biyunta a ajin, ba a taɓa barin gashin ya kai kamu ba. Na tambayi Goggo ko mutumin ya yafe.

"Kullum sai ya gaishe ni, cikin mutunci, ya sauke ta ya tafi. 'Yar nan, da zagina ya yi da ya fi mini sauƙi."