Tsumma Uku a Hancin Hita

Shekara talatin da takwas ke nan Baba Mai Kunne yana buɗe rumfarsa ta gyaran wayar mota tun maƙwabta ba su ɗaga ƙofa ba. Ya share benci, ya jera sukudireba, ya rataya mitarsa a wuya. In aka kawo mota, ba ya taɓa ta sai ya saurare ta, abin da ya jawo masa sunan ke nan. Abokan aiki kan tsokane shi wai ya fi likita tambaya. Ƙarshen watan nan zai ajiye aiki, ido ya gaji.

Cikin sanyin bara wani direban tasi ya zo masa rai a jagule. 'Yarsa na da sikila, sanyi kaɗan ke kwantar da ita asibiti, ga shi da sassafe yake kai ta makaranta. Sau uku ana canza masa resista, ɗan abin nan da ke rage wa fankar hita, na'urar ɗumama mota, gudu, sau uku tana ƙonewa. Ta ƙarshen har soket ta narkar, fanka ta tsaya cak.

Baba ya ce wanda bai san abin da ya kashe ta fari ba, zai binne ta huɗu. Ya duba fis, lafiya. Ya juya fanka da yatsa, ba ta cije ba. Ya zaro matatar iska, tas take. Sai ya zura hannu cikin hancin hitar na gaba, inda ɗumi ke fitowa, ya jawo tsumma. Ya jawo na biyu, ya jawo na uku. Ya bayyana wa direban cewa iskar da ke wucewa ita ke sanyaya resista, in aka toshe mata hanya dole ta dahu.

Direban ya sunkuyar da kai.

"Ni na cusa su, Baba. So nake ɗumin duka ya tafi baya wajen 'yata."

Wani makanike ya fara dariya, kallo ɗaya Baba ya yi masa ya haɗiye ta. Baba ya sa sabuwar resista da soket, ya ja tiyo daga hitar ta ƙarƙashin kujera har inda ƙafafun yarinyar ke sauka. Sannan ya miƙa wa uban tsummokaransa.

"Ungo, goge gilashi da su. Kai ma ka riƙa shan ɗumin, ɗana. In ka kwanta, wa zai kai ta?"

Wanda ya ba ni labarin ya ce direban ya karɓi tsummokan yana hawaye.

Baba, kai ne kunnen da ba ya gajiya da sauraro. Kai ne ka gano kuskure ba ka kunyata mai shi ba. Mun gode, Allah ya ba ka hutu mai daɗi. Ku kuma masu riƙe da sifana, ku daina saurin canza kaya, ku tambayi dalili tukuna. Yarinyar nan ba ta fasa makaranta ko sau ɗaya ba har sanyin ya wuce.