Barkonon Don Nicanor

Don Nicanor Zamudio direba ne a tashar nukiliyar da ke gefen garinmu, a bakin tekun Veracruz. Baƙi yake ɗaukowa daga filin jirgi. Turancinsa bai wuce na gaisuwa ba, amma siyasar duniya har rediyo yake yi wa gyara.

Wani injiniya ne ya jawo mana. Shi ya gaya masa cewa in ƙasa ta sayi makamashin nukiliya a wajen Amurka, ba ta da ikon sauya shi ko ta ba wata ƙasa sai da izininsu. Daga ranar muka shiga uku, a shagon aski, a ƙofar coci, har a gidan makoki.

"Kayanka, a gidanka, sai ka nemi izini?" in ji Nicanor.

"Ci abincinka, tsoho," in ji matarsa, Doña Eufrosina. "Kai da ko murfin tukunyata ba ka ɗagawa sai na ce."

Ana nan sai ga wani baƙo daga Tennessee ta Amurka, Injiniya Harlan, dogo mai fara'a. Nicanor ya kai shi gida cin kifi. Mutumin ya ɗanɗana yajin gidan, hawaye na zuba yana neman ƙari, daga ƙarshe ya roƙi irin barkonon da zai shuka, da yadda ake haɗa yajin.

Nicanor ya gyara zama, ya sa 'yarsa ta yi tafinta. "Gaya masa zan ba shi. Amma ba ya ba kowa, ba ya sauya haɗin, kuma duk ran da na ga dama zan zo dubawa."

Harlan ya yi dariya ya miƙa hannu. Nicanor bai yi dariya ba.

Bayan Harlan ya yi ritaya, ya tashi aurar da 'yarsa can Tennessee, ya gayyaci Nicanor, shi kuma ya je da tasa 'yar don tafinta. Nicanor bai tsaya gaisuwa ba, ya zarce bayan gida. Ya leƙa ta katanga, sai ga barkononsa a lambun maƙwabci, da na gaba da shi, har ƙarshen layi. Ya ɗanɗana yajin da Harlan ya haɗa, ya ji sukari.

"Tsuntsaye ne suka kwashe irin, Don Nicanor," in ji Harlan.

"Sukarin ma tsuntsaye ne?"

Nan take ya sa takunkumi, ya ce ba zai ci komai na gidan ba. Takunkumin ya riƙe har aka fito da gasasshen nama.

A wajen naman ne Harlan ya ce, tunda adalci ake nema, shi ma sai a ba shi damar zuwa dubawa. Nicanor, baki cike, ya ce wannan gaskiya ne.

Tun daga nan, duk lokacin da sanyi ya sauka a Tennessee, sai Harlan ya zo duba barkono. Yakan kwanta a lilon Nicanor, ya ci kifinsa, ba ya tafiya sai sanyin ya wuce. Nicanor ya ce mana wannan mamaya ce ƙiri-ƙiri. Bana ma da surukarsa ya zo.