Malam Haladu da kalmar cakulkuli

Ina cikin aji a Ajingi da hantsi, ina rubutu a allo, wayata ta yi ta ruri a cikin jaka har na ji kunyar ɗalibai na fita na ɗauka. Ƙanena ne daga Gaya. Ya ce Malam Haladu ya cika bayan sallar asuba, za a yi jana'iza kafin azahar. Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Na koma ajin da niyyar ƙarasa jimlar da na fara, amma sai na ajiye allin. Na sallami yaran, na fita bakin titi neman mota.

Malam Haladu shi ya koya mana Turanci a sakandare. Dogo ne marar jiki, mai magana a hankali, kuma duk wanda ya zauna a ajinsa zai tuna abu ɗaya: ba ya shiga sai ya tsaya a bakin ƙofa ya yi sallama, ya jira mun amsa. Ajinsa ne, lokacinsa ne, mu kuwa 'yan yara masu surutun tsiya, amma sai ya tsaya. Idan ya koya mana sabuwar kalma, ba ya barin mu sai kowa ya yi aiki da ita. Yakan ce, "Kalmar da ba ka yi aiki da ita yau ba, gobe ba taka ba ce." Shi ne kuma ya tura ni karatun Faransanci, alhali shi ko gaisuwa bai iya da shi ba. Ya ce maƙwabtanmu duk da shi suke magana, mu kuwa mun toshe kunne.

Shekaru bayan ya yi ritaya, wata ranar kasuwa, aka ce mini ina da baƙo a gindin dalbejiyar makarantar da nake koyarwa a Ajingi. Na tarar da Malam zaune a kan benci, ya zo a kan acaɓa tun daga Gaya. Na durƙusa ina gaishe shi, ya ce in tashi in zauna, yau shi ne ɗalibi.

Na riga na ji rasuwar ɗansa Kabiru, wanda ya yi shekaru yana fatauci a Abijan, ya yi aure can. Abin da ban sani ba shi ne Kabiru ya bar wasiyya a kawo 'yarsa gidan mahaifinsa. Sunan mahaifiyar Malam aka sa mata, shi ya sa yake kiran ta Ummi. Uwar yarinyar ta amince da ƙyar, bisa sharaɗi: kawun Ummi zai dawo bayan babbar Sallah, idan ya tarar ba ta saba ba, zai tafi da ita. Yarinyar kuwa ba ta jin Hausa ko kaɗan, sai Faransanci. Tana cin abinci idan an ajiye mata, tana barci, amma ba ta magana, ba wanda ya taɓa ganin haƙoranta.

Malam ya ce shi ya ƙara ɓata lamarin. Dukan jikokinsa da cakulkuli ya saba da su, ya ɗauka dariya ba ta bukatar yare. Ya same ta kwance a tabarma, ya sa yatsa a tafin ƙafarta. Yarinya ta fasa ihu, ta ruga bayan randa ta maƙale, ranar ko tuwo ba ta taɓa ba. Yana faɗa mini idonsa na kan ƙasa. Ya ce, "Ni da nake sallama a ƙofar aji, na shiga wa marainiya ba sallama. Yaro ba buhun gyaɗa ba ne da za ka sunkuta kawai."

Sai ya gyara zama, ya tambaye ni da Turanci, da muryar nan tasa ta aji, yadda ake cewa tickle, wato cakulkuli, da Faransanci. Wallahi sai da na yi dariya duk da halin da ake ciki. Kalmar ba ta cikin abin da muke koyarwa, ta kuma ɓace mini. Ƙamus ɗin da ke makarantarmu daga Turanci yake zuwa Faransanci, na ɗauko muka buɗe tare, muka sami chatouiller. Na faɗa, ya maimaita. A bakinsa ta zama shatuye, yana jan ƙarshenta kamar mai kiran awaki. Na ce zan rubuta masa, ya ce a'a, a kai zai ɗauka. Na ce zan zo in yi masa tafinta, ya ce in zo da murna, amma ba a wasan jika da kaka ta bakin tafinta. Da ya hau babur ina jin sa yana maimaitawa, har mai baburin ya waigo ya ce amin, ya zaci addu'ar tafiya ce.

Sauran labarin daga bakin Hajiya, uwargidansa, na ji. Kullum bayan la'asar sai ya zauna a gefen tabarmar Ummi, ya ɗaga yatsa ɗaya, ya faɗi kalmar da sigar tambaya. Yarinya ta juyar da kai. Sai ya ce "to," ya mayar da hannunsa aljihu, ya ci gaba da jan carbinsa. Hajiya ta ce har haushi ya fara ba ta, Sallah na ƙaratowa, tsoho ya tsaya yana neman izinin 'yar ƙanƙanuwar yarinya. Shi kuwa ko a jikinsa. Ran nan ya faɗa kamar kullum, sai Ummi ta dube shi ta faɗi kalmar yadda take, a fusace, kamar malama. Maganarta ta farko ke nan a gidan. Malam ya sake faɗa, ya ja ƙarshen fiye da dā da gangan. Ta rufe baki tana ƙyalƙyala dariya, can kuma ta miƙo ƙafa ɗaya. Hajiya ta ce sai ta shige madafa ta yi kukanta.

Da kawun ya zo, a tsakar gida ya same ta tana bin Malam da tsinken tsintsiya, shi kuma yana ɓoye ƙafafu yana roƙon ta da Hausa. Kawun ya kira uwar a waya ya ɗaga mata ta ji. Bai ƙara tayar da maganar tafiya ba. Ummi takan je wajen mahaifiyarta da dogon hutu, amma Gaya ce gida, yanzu ma Hausarta ta fi tawa kaifi.

Bara ne ɓarin jikin Malam ya shanye, magana ta ɗauke. Na je duba shi, na ga Ummi, wadda yanzu take ƙaramar sakandare, zaune wajen ƙafafunsa. Ta ɗaga yatsa ta ce shatuye, yadda shi yake faɗa, ba yadda ta iya ba. Ta jira har ya lumshe ido, sannan ta taɓa tafin ƙafar da ke da sauran ji. Na ga gefen bakinsa ya motsa.

Ranar rasuwar, bayan an kai shi, na shiga cikin gida wajen mata. Ummi ta zo ta zauna kusa da ni, idonta a bushe. Ta ce da asuba ta shiga kai masa ruwa, ta gan shi shiru. Ta ce, "Anti, na tambaye shi, bai amsa ba. Shi ya sa ban taɓa shi ba." A nan ne kukan da na riƙe tun daga Ajingi ya ƙwace mini.

Ya Allah, bawanka Haladu ya zo gare ka. Ka gafarta masa, ka yalwata kabarinsa, ka sa mala'ikun rahama su tarbe shi da sallama, yadda shi bai taɓa shiga wa kowa ba sai da ita. Ka ba Hajiya da 'ya'yansa da ɗalibansa haƙurin rashinsa. Ka jiƙan Kabiru, ka haɗa su a Aljanna. Ummi kuma, ka raya ta, ka tsare mata dariyar da kakanta ya je har Ajingi ya nemo mata. Mu da muka rage, ka sa mu cika da imani. Amin.